Shekarar da Na Nemi Rabona a Gonar Kalmalo

Murtala, Nana, Hassi, na san abin da ake faɗa a kaina a Kalmalo, domin ya dawo kunnena ta baki fiye da ɗaya. Ana cewa Luba ta sa an yanka gonar ubanta, ta sayar don ta sayi firiji. Ban taɓa musantawa ba, yau ma ba zan musanta ba, domin haka aka yi. Sai dai ku biyun manya ta waya kuka ji labarin, guntu-guntu, ita kuwa Hassi tana makarantar kwana a lokacin. Yanzu babanku ya rasu, kawunku Bello ma ya rasu, ni kaɗai na rage cikin waɗanda aka yi maganar da su. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku tun hannuna yana iya riƙe biro.

Kun tashi kun same ni ina kitso. Da shi aka san ni a Illela, har daga Konni akan tsallako da amare a kawo mini, in yi musu kitso in sa musu lalle. Ranar da biki ya matso, tsakar gidanmu ba ya rabuwa da mata, wata na tsifa, wata na jiran layi, ni kuwa ina kan kujerata, kan mutum a tsakanin gwiwoyina. Ciwon ya fara ne daga kaina. Wani farin ɓawo ya fito mini a ƙeya da bayan kunne, na ɗauka amosanin kai ne. Daga baya ya sauko gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, ja a ƙasa, fari a sama, in na sosa ya zubo kamar dusa. Farcena suka yi ramuka ƙanana, wasu suka fara ɗagowa. Duk wannan na iya rufe shi da ɗankwali da riga mai dogon hannu. Abin da ban iya rufewa ba shi ne yatsu. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa kumbura tun daga gindi har baki, in na tashi da safe su ƙi lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Diddigena kuwa kamar na taka ƙusa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wata mata ta kawo mini 'yarta amarya, na zaunar da yarinyar na fara tsaga. Hannun rigata ya zame, uwar ta ga gwiwar hannuna, ta ga yadda tsinke yake ƙin zama a yatsuna. Ta miƙe tsaye.

"Tashi mu tafi, na tuna an ce mu biya wurin tela."

Na ce, "Hajiya, ki bari in gama mata gefe ɗaya."

"A'a, Luba, ki huta. Allah shi sawwaƙe."

Ta ja yarinyar da kai a tsefe suka fita. Kafin mako ya zagayo, magana ta game unguwa cewa kuturta ta kama ni. Tsakar gida ya zama wayam. Masu kirki sukan leƙo su gaishe ni daga bakin ƙofa, amma ba mai karɓar ruwa daga hannuna.

Babanku, Malam Garba, bai taɓa matsawa daga kusa da ni ba. Kun san shi ba mai yawan magana ba ne. Shi yake murɗe mini murfin kwalba, shi yake zuba mini ruwan alwala, wata rana har ɗaurin zane sai da ya taya ni. Mun sha jiƙe-jiƙe, mun yi hayaƙi, an kawo mana wani man shafawa daga Nijar, duk a banza. Sai da Murtala ya sami aiki a Sakkwato ya matsa aka kai ni asibiti. Likitar da ta duba ni mace ce. Ta kama hannuna da nata hannun ba tare da safa ba, tana latsa gaɓoɓin ɗaya-ɗaya, ni kuwa sai hawaye, domin na daɗe rabon da wani baƙo ya taɓa ni.

Ta ce, "Mama, wannan ba kuturta ba ce, kuma ba ya kama kowa. Sunansa soriyasis. Garkuwar jikinki ce ta juya tana faɗa da fatarki da gaɓoɓinki. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana iya kwantar da shi."

Ta ba ni ƙwayoyi da man shafawa. Na daɗe a kansu, fatar ta ɗan lafa, amma yatsun suka ci gaba da karkacewa. Daga ƙarshe, bayan an gwada jinina an ɗauki hoton ƙirjina, ta ce akwai wata allura da zan riƙa yi wa kaina a gida. Murtala da mijin Nana suka ce sun ɗauki nauyinta, kuma na san ba ƙaramin nauyi ba ne. Likitar ta ajiye kwalin a gabana ta yi mini bayani a hankali, ta sa na maimaita mata. Maganin yana son sanyin firiji kullum. Zafi yana kashe shi, ƙanƙara ma tana kashe shi. A bar shi a cikin kwalinsa don haske. Kada a sa shi a jikin ƙofar firiji, kada a jingina shi da bangon ciki inda ƙanƙara ke taruwa. Ta tambaye ni ko muna da firiji, na ce muna da shi. Gaskiya na faɗa, amma ban gaya mata yadda wutar Illela take ba, domin a lokacin ban ɗauka abin zai kai haka ba.

A cikin kula muka taho da shi, an naɗe ƙanƙarar da tawul don kada ta taɓa kwalin. Shekarar nan ita ce aka rufe iyakar Nijar. Babanku da yake kai albasa Konni ya dawo da kaya, ya koma zaman bakin kasuwa, ya fita da safe ya dawo da yamma hannu biyu. Ga shi bazara ta shigo da zafin da ko tsuntsu ba ya tashi da rana. Na yi allurar farko, ban kai ga ta biyu ba aka ɗauke wuta. Muka ce za a kawo da yamma, ba a kawo ba. Gari ya waye, ya sake wayewa. Da na buɗe firijin sai wani ɗumi ya buso mini. Na ɗauki kwalin na ƙulle a leda na saka cikin randa, ina ganin ai ruwan randa da sanyi. Da muka sami likitar a waya ta tambayi tun yaushe, na gaya mata, sai ta ce,

"Sanyin randa bai isa ba, Mama, balle a wannan zafin naku. Kada ki yi amfani da shi. Ki ajiye, in kin zo ki kawo mana."

Da Murtala ya sake aiko da wani, sai muka ce mun yi dabara. Maƙwabciyarmu Hajiya Ige tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana da janareto. Tana cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su guje ni ba. Babanku ya kai mata kwalin, ya ce ta sa a sanyi. Ita kuwa, saboda son ta kyauta mana, sai ta tura shi can ƙasan firiza, ta jera ƙanƙara a kansa. Ranar allura na je da kaina ina ɗingishi. Ta tono shi tana murna.

"Ga shi nan, Luba, ko kusa zafi bai gan shi ba. Wurin da yaf fi ko'ina sanyi na sa miki shi."

Na buɗe kwalin. Ruwan da ke cikin allurar ya daskare, ya yi fari. Na yi mata godiya, domin ba ta san abin da ya faru ba, kuma mu ne ba mu yi mata cikakken bayani ba. Na dawo gida na zauna a bakin gado, na riƙe shi a tafin hannuna har ya narke. Da ya narke sai ya koma kamar ba abin da ya same shi. Na ɗaga zanena zan soka a cinya, babanku ya shigo ya kama hannuna.

"Mi za ki yi?"

"Malam, ai ya narke. Dube shi, garau."

"Likita ta ce in ya daskare ya mutu. Gabana tac ce."

"Ka san abin da yaron nan ya sha kafin ya saye shi?"

"Na sani. Kuma na san ba don ki soka wa jikinki abin da ya lalace ba yas saye shi. Ba ni."

Ya karɓe daga hannuna. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka janye amarya daga gabana. Murtala, da aka gaya maka a waya ba ka ce komai ba sai "Allah ya sa haka ya fi alheri, Inna," amma na ji yadda muryarka ta yi. Likitar kuma ta ce ba za ta sake rubuta mini ba sai ta tabbata ina da wurin ajiya mai aminci, kuma ba ta faɗa da faɗa ba.

Na san za ku ce me ya hana a ajiye maganin a Sakkwato in riƙa zuwa. Mun gwada. Zaman mota a wannan hanya, ƙafa a takure, yakan kwantar da ni kwanaki, kafin in farfaɗo wata tafiyar ta zo. Murtala ya ce in koma wurinsa gaba ɗaya, amma ɗaki ɗaya ne da shi da matarsa da jariri, kuma ba zan bar babanku shi kaɗai a shekarar da ya fi kowace shekara buƙatar ya dawo gida ya tarar da mutum ba. Wani mai haɗa sola ya zo ya duba gidan, ya ce in aka sa farantin sola a rufi da batura masu kyau da ɗan ƙaramin firiji, ba ruwanmu da wutar gari. Da ya faɗi abin da zai ci, babanku ya raka shi ƙofa ya dawo ya zauna. Ba mu da abin sayarwa da ya kai. Abu ɗaya nake da shi a duniya, shi ne rabona a gonar mahaifina.

Mu biyu ya bari, ni da Yaya Bello. Gonar fadama ce a gefen tafkin Kalmalo, ana albasa da tumatir da rani, gero da dawa a tudunta da damina. Tun da ya rasu ba a raba ba. A danginmu mace ba ta tada maganar rabon gona. Takan bar wa ɗan'uwanta ya noma, shi kuma ya riƙa tunawa da ita. Yaya bai taɓa mantawa da ni ba. Duk kaka sai buhun gero ya iso gidan nan, duk rani sai albasa. Da na gaya wa babanku abin da ke raina, ya girgiza kai.

"Za a ce ni nis sa ki. Za a ce Garba ya kasa, ya tura matarshi ta ci gadon ubanta."

Na ce, "Su ce. Malam, in na ƙara shekara a haka, ba zan iya kai loma bakina ba."

Sai ya ce ba zai hana ni haƙƙina ba, amma ba zai bi ni ba, don kada a ga kamar shi ya ja ni.

Na sami Yaya a bakin gona da hantsi, yana gyaran kwalbatin ban ruwa, 'ya'yansa maza suna can ciki. Ya shimfiɗa mini buhu a inuwa. Muka gaisa, ya tambayi jiki, na ce da sauƙi kamar yadda aka saba cewa. Sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye fartanyarsa a hankali.

"Mi kinka ce?"

"Rabona nake so a fitar mini, Yaya."

"Mi na rage ki da shi, Luba? Wace shekara ce hatsi bai isa gidanki ba?"

"Ba ka rage ni da komai ba."

"To, gonar da Baba ya tsare tun muna yara, ita za a ja wa igiya saboda akwatin sanyi?"

Na zare mayafina na miƙa masa hannayena biyu. Bai taɓa ganin su a fili ba, domin kullum a ɓoye nake zuwa da su. Ya dube su, ya kawar da kai wajen ruwa. Na ce masa in yana da hali ya saya da kansa, in ya so ya biya a hankali, amma mai sola ba zai jira ba. Ya ce na san ba shi da shi, shekarar nan albasa ta ruɓe a hannun kowa tun da ba a tsallakawa da ita. Ya ce in ƙara haƙuri zuwa baɗi. Na ce gaɓar da ta karkace ba ta dawowa, likita ta gaya mini, kuma na gani a jikina. Ya ɗauki fartanyarsa. Can ya ce,

"Haƙƙinki na. Allah yab ba ki, ba ni ba. Ki kira malamai su raba. Amma ki sani, ranar da baƙo ya sa fartanya cikin wagga gona, kin raba ni da wani abu wanda ba ki iya maida mini."

Aka kira malamai da mai gari, aka auna, aka ba ni kashi ɗaya, shi biyu, kamar yadda shari'a ta ce. Rabona ya faɗo ta ɓangaren da ya fi kusa da ruwa. Wani mutumin Lafani ya saya. Ba zan ɓoye muku abin da hakan ya jawo ba. Abin da ya rage bai ishi gidan Yaya ba. Babban ɗansa ya bar gari ya tafi kudu neman aiki, har yau bai dawo da zama ba. Yaya da yake ban ruwa kai tsaye daga tafki, sai ya koma neman izinin baƙo kafin ya ratsa da tiyo.

Aka ɗora faranti a rufin ɗakina, aka kawo ɗan firiji, aka rataya ma'aunin sanyi a ciki. Babanku ya sa masa kwaɗo, ya ce ba zoɓo, ba nama, ba buɗewa barkatai. Da safe da yamma yakan duba ma'aunin kamar mai duba marar lafiya. Ranar allura mukan fitar da guda ɗaya mu ajiye a inuwa har sanyin ya sake shi, mu ɗaga mu duba ruwan ko garau yake, sannan ya yi mini a cinya, wannan karon dama, wani karon hagu. Wadda aka yi amfani da ita mu jefa a wata jarka mai kauri mu rufe, in za mu asibiti mu tafi da ita. Sauƙin bai zo da gaggawa ba. Da farko ɓawon ne ya fara ja da baya. Sannan wata safiya na tashi na ga na ɗauki buta da hannu ɗaya ban sani ba. Kafin damina ta fita na koma yi wa kaina allurar, na koma ɗaura zanena. Yatsu biyu na hannun dama sun riga sun karkace, haka za a binne ni da su. Na koma kitso kaɗan-kaɗan, 'yan uwa da jikoki da wasu tsofaffin abokan hulɗa. Amaren Konni ba su dawo ba.

Buhun gero bai sake zuwa ba, ni ma ban sa rai ba. In na je Kalmalo gaisuwar Sallah, Yaya yakan amsa daga cikin ɗaki, matarsa ta fito ta zauna da ni. Hassi, kin yi kuka ranar ɗaurin aurenki da kawunki bai zo ba, kin tambaye ni dalili na ce ba shi da lafiya. Lafiyarsa ƙalau. Ga dalilin nan kin ji.

Sau ɗaya ya taka gidan nan bayan rabon, wata ranar kasuwa da azahar, bayan rasuwar babanku. Ya riga ya yi mini ta'aziyya a cikin taron mutane, amma wannan karon shi kaɗai ya zo. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama.

"Nuna mini abin."

Na shiga da shi ɗaki na buɗe firijin. Ba komai a ciki sai kwali ɗaya a tsakiya da ma'aunin a rataye. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Shi ke nan? Wanga ɗan kwali?"

"Shi ke nan, Yaya."

Na rufe don kada sanyin ya fita. Ya jingina sandarsa da bango, ya kama hannuna na dama, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yakan yi mini muna yara in na ce na ji ciwo. Da ya zo kan biyun da suka karkace sai ya tsaya.

"Waɗanga fa?"

"Su na makara."

Ya saki hannun, ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce tafkin ya ja baya sosai bana, mutumin Lafanin ma bai sami komai ba. Na ce Allah ya kawo ruwa. Ya ce amin, ya tafi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma ban roƙe shi ba, domin ban ɗauki abin da ba nawa ba. Bai ga ƙarshen daminar wannan shekarar ba.

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. Kada in ji ɗayanku ya ce kawunku mai taurin zuciya ne. Ya ba ni haƙƙina ba tare da ya kai ni gaban alƙali ba, kuma shi da 'ya'yansa ne suka ji raɗaɗin. Kada kuma ku sunkuyar da kai in an ce uwarku ta sayar da gona. Da za a mayar da ni bakin tafkin nan a wannan hantsin, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma 'ya'yan Bello sun biya wani ɓangare na lafiyata ba tare da an yi shawara da su ba. Ku je musu. In sun yi suna ku je, in sun yi rashi ku riga kowa isa. In sun tarbe ku a tsaye, ku gaishe su a tsaye, ku dawo, ku sake komawa.